Yaba Kyauta Tukuici: Magana kan Ma'aikatan Jiragen Ruwa na Yawon Buɗe Ido

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani al'amari da ya jawo mana doguwar muhawara a majalisarmu ta bayan La'asar a nan Garwa ta arewacin Kamaru, wato tukuici da godiyar da suka kamata a yi wa ma'aikatan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, musamman wanda ake kira konsiyaj. Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Garwa da jirgin teku, alhali tsakaninmu da Duwala tafiya ce ta fiye da yini guda, kuma rabon da a ga jirgin kaya ya tsaya a tasharmu ta kogin Binuwai an daɗe. Amma 'ya'yanmu sun bazu a duniya, 'yan kasuwarmu na Garwa da Marwa da Njamena ba sa rabuwa da Dubai, inda irin waɗannan jirage suke ɗaukar fasinja a lokacin sanyi, kuma yadda mutum ya ɗauki mai yi masa hidima a can, haka yake ɗaukarsa a gida.

Ni tsohon ma'aikacin otal ne. Shekara 29 na yi a bayan kantar karɓar baƙi, daga 1983 zuwa 2012, tun zamanin da Turawa suke cika ɗakunanmu a kan hanyarsu ta zuwa gandun dajin Waza da na Binuwai da duwatsun Rumsiki. Ban taɓa kwana a kan ruwa ba sai bara, lokacin da ni da Hajiya muka ziyarci 'yarmu da take aikin jinya a Marsey ta ƙasar Faransa, ita da maigidanta suka biya mana tafiyar kwana bakwai a Bahar Rum. Daga Marsey muka tashi, muka tsaya Jenowa da wasu tashoshin Italiya, muka bi ta Malta da Basalona, muka dawo inda muka fito. Saboda ciwon gwiwar Hajiya suka kama mana ɗaki a sashen da yake da konsiyaj, kuma a nan ne karo na farko a rayuwata na tsinci kaina a wancan gefen kanta, ina kallon wani yana yi mini aikin da na yi wa mutane kusan shekara talatin.

Sunan yana bukatar bayani, domin mu da muka yi karatun Faransanci mun fi sanin konsiyaj a matsayin mai gadin gidan bene. A manyan otal-otal da jiragen ruwa ba haka yake ba. Shi ne mutumin da baƙo yake kai wa kowace irin bukata da ba ta da wani mai ita: neman mota a gari baƙo, shirya wurin cin abinci, sasanta kuskuren lissafi, kiran likita, gano kayan da suka ɓata. Sana'a ce mai daraja, har masu yin ta suna da ƙungiyarsu da aka kafa a Paris a 1929, wadda ake gane 'ya'yanta da alamar makullan zinariya biyu a gicciye a wuyan kwat. Idan na so in kwatanta shi da abin da iyayenmu suka sani, sai in ce fatoma ne, wanda fatake suke sauka a hannunsa, ya ba su masauki, ya ajiye musu kuɗi, ya nuna musu wanda za su yarda da shi a kasuwa da wanda za su guje wa. Bambancin shi ne fatoma a gidansa yake kwana, shi kuwa wannan yana wata bakwai ko takwas bai ga iyalinsa ba.

Namu konsiyaj ɗin mutumin tsibirin Moris ne, shekarunsa ba za su wuce na babban ɗana ba, kuma tun daren farko aka jarraba shi. A irin wannan jirgi ba kai kake ɗaukar kayanka ba. A tasha ake karɓa, a maƙala wa kowane akwati takarda mai lambar ɗaki, daga baya a kawo maka har bakin ƙofa. Namu akwatuna uku ne, biyu suka iso, na ukun kuwa shiru, kuma a cikinsa maganin hawan jinin Hajiya yake. Har muka yi Isha babu labari, jirgi kuma ya riga ya yi nisa cikin teku. Da 'yata, wadda take tare da mu a jirgin, ta kira shi bai tsaya ga waya ba, da ƙafarsa ya zo. Abin da ya fara tambaya shi ne sunan maganin da lokacin da ake shan sa, ya sanar da likitan jirgi saboda ko ta kwana, sa'an nan ya tambayi kamannin akwatin. Hajiya ta ce ta ɗaura wa hannunsa ƙyallen atamfa kamar yadda matanmu suke yi, kuma ragowar wadda ta yi ɗankwali da ita ce. Sai ya nemi izini, ya ɗauki hoton gefen ɗankwalin kawai a wayarsa, ya sauka can ƙasan jirgi inda fasinja ba sa zuwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare muka ji an ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, sai ga shi da akwatin yana jan sa da kansa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Takardar ce ta yage, aka tura akwatin cikin tarin kayan da ba a san masu su ba. Na duba fuskarsa na ga abin da na sani sarai, wato gajiyar mutumin da ya tashi tun asuba kuma bai yarda baƙo ya gane ta ba.

Abu na biyu ya fi wannan zama mini a rai. Na'urar nuna alƙibla ta cikin waya ba ta tsayawa wuri guda a cikin jirgi, saboda ƙarfen da ya kewaye mutum ta ko'ina, ga shi kuma jirgin yana juyawa, lokutan salla suna sauyawa daga tasha zuwa tasha. Sau ɗaya kawai na yi masa maganar, cikin jin nauyi, domin ba Musulmi ba ne. Daga ranar har muka sauka, kullum da dare sai mun tarar da 'yar takarda an zura ta ƙarƙashin ƙofa, da rubutun hannunsa: lokutan salla biyar na garin da za mu wayi gari a cikinsa, da inda zan fuskanta idan jirgi ya tsaya, ko in karkata dama daga taga ko in ba ƙofa baya. Daga baya na ji cewa ɗakin matuƙa yake kira ya tambayi inda jirgin zai sa gaba. Haka kuma ya yi magana da kicin a kan abincinmu, ba mu sake yin bayani a teburi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a takardar da surukina ya biya kuɗi a kanta.

To, ga inda maganar kuɗi ta shigo. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati guda ake ba ka, shi ne makullin ɗakinka, shi ne kuma aljihunka, komai a kansa ake rubutawa. A cikin abin da ake rubutawa akwai kuɗin hidima na kowane dare a kan kowane fasinja. A jirginmu yuro 12 ne, wato mu biyu a kwana bakwai yuro 168, kuma tun da yuro guda sefa 656 ne in an cika, abin ya haura jaka 110, wato sefa dubu 110. A jiragen kamfanonin Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa sama da 20 a kowane dare, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Ga wanda ya san cewa mafi ƙanƙantar albashi a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba tun 2023 jaka 60 ne a wata, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ban ga laifin wanda gabansa ya faɗi da ya ga lissafin ba. Kuɗin nan rabawa ake yi tsakanin masu gyaran ɗaki da masu kai abinci da waɗanda suke aiki a bayan fage, irin su masu wanki da masu wanke-wanke. Ko konsiyaj yana cikin rabon ko ba ya ciki, ya danganta da kamfani: wasu suna sa shi, wasu kuwa suna bayyana cewa nasa sai abin da baƙo ya ga dama. 'Yata ta tambaya a ofishin kula da baƙi, aka ce mata namu ba ya ciki, kuma duk mai shirin irin wannan tafiya ina ba shi shawara ya yi wannan tambayar tun ranar farko.

Da na kawo wannan labari majalisa, wani abokina ɗan kasuwa, wanda ya taɓa shiga irin wannan jirgi daga Dubai, ya ce da ni: "Alhaji, ai kai aka samu. Ni zuwa na yi kanta na ce a cire mini kuɗin gaba ɗaya, aka cire. Ba albashi ake biyan su ba?" Abokina ne na shekara arba'in, mutum ne mai hannun kyauta a unguwa, shi ya sa maganarsa ta dame ni fiye da a ce wani marowaci ne ya faɗe ta. Gaskiya ne a wasu jiragen ana yarda a rage kuɗin ko a cire idan fasinja ya nema, a wasu kuwa dole ne. Gaskiya ne kuma tsarin kansa bai burge ni ba, domin abin da ya fi dacewa shi ne kamfani ya biya ma'aikacinsa albashin da zai ishe shi, ya sa kuɗin a cikin farashin tikiti kowa ya gani tun farko, kamar yadda wasu kamfanonin suke yi. Amma wanda ya cire kuɗin ba kamfani ya hukunta ba. Kamfani ya riga ya karɓi nasa tun kafin a ɗaga anga. Wanda aka rage wa shi ne yaron nan ɗan Filifin ko Indonesiya ko Indiya da ya gyara maka gado sau biyu a yini, wanda aka lissafa masa wannan kuɗi a cikin abin da zai aika gida. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 2006 kan aikin ma'aikatan jiragen ruwa, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce kada hutun ma'aikaci ya gaza awa 10 a cikin awa 24, da awa 77 a mako. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: doka ta yarda mutum ya yi aikin awa 14 a yini, kuma a yawancin jiragen nan babu ranar hutu sukutum har kwantiragi ya ƙare. Saboda haka ni a wurina kuɗin hidima ladan aiki ne da aka sauya wa suna, kuma mun san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe.

Wani malami a cikinmu ya kawo nasa uzurin, wanda ya fi na farko nauyi. Ya ce yana tsoron kada abin ya zama cin hanci, ya kuma tuna mana labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, sai Manzon Allah ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Na girmama wannan tsoro, domin mu da muke bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere mun san abin da ake nufi idan aka ce a ba da na goro. Amma abubuwan biyu ba su haɗa hanya ba. Hanci kafin aiki ake ba da shi, a ɓoye, ga wanda aka damƙa wa amanar jama'a, domin a sayi abin da ba haƙƙin mutum ba ne ko a ture wani daga layi. Tukuici kuwa bayan aiki ya kammala ake yin sa, da sanin mai kamfani da yardarsa, kuma ba ya rage wa kowa komai. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙera jirgin farko mai inji: yaron da aka aiko da ƙwaryar abinci ko da ɗinkin salla ba ya komawa hannu wofi, ba don an saye shi ba, sai don a nuna an ga tafiyar da ya yi. Inda na yarda da malam shi ne a kan masu damƙa wa konsiyaj kuɗi mai yawa tun ranar farko da nufin a fifita su a kan sauran baƙi. Na ga irinsu a otal, kuma wannan ba tukuici ba ne ko da sun kira shi haka.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin tasiri, wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi, kuma a kansa ne na fi son in ja hankali. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kasuwa ta tsaya, otal ɗin da nake aiki ya yanke shawarar sallamar ma'aikata. Sunana yana cikin waɗanda ake dubawa. Abin da ya tsayar da ni, bayan ikon Allah, wata wasiƙa ce mai layi shida da wani baƙo ya aiko wa manaja shekara biyu kafin nan, yana faɗin sunana da yadda na kwana a asibiti tare da shi ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Na manta da wasiƙar, amma tana cikin fayil ɗina. Tukuicin da mutumin ya ba ni a hannu bai kai mako guda ba ya ƙare. Layi shidan nan kuwa su suka ciyar da gidana shekara 18, kuma da su 'yar da ta kai ni Bahar Rum ta yi karatu. A jirgin ruwa ma haka abin yake. A ƙarshen tafiya kamfani yana aiko wa fasinja tambayoyi ta waya ko ta imel, kuma ma'aikatan da kansu suka gaya mini cewa wanda baƙi suka yawaita ambaton sunansa shi ake tunawa idan an zo ƙarin girma ko sabunta kwantiragi. Kowannensu yana sanye da sunansa a ƙirji. Wanda ya yi kwana bakwai ana yi masa hidima bai karanta sunan nan ba, yana ta kiran mutum da tafi ko da "kai", ya rage wa kansa daraja ko da ya bar jaka ɗari a kan teburi.

Ga abin da muka yi, ba don shi ne ma'auni ba, sai don mai karatu ya sami abin kwatantawa. Kuɗin hidima mun bar shi yadda yake. Daren ƙarshe, ba safiyar sauka ba, domin ranar sauka ma'aikata ba su da lokacin tsayawa, na sa yuro 50 a ambulan, kimanin jaka 33 ke nan, na sa wani abu ƙasa da haka a wani ambulan na mai gyaran ɗakinmu. Sefa ba ta da amfani a wurinsu, sai yuro ko dalar Amurka, don haka a tanade su tun daga gida. Na rubuta takarda da hannuna na haɗa, na faɗi maganar akwati da ta alƙibla dalla-dalla, domin godiyar da ba ta ambaci abin da aka yi ba kowa ma ana iya yi masa ita. 'Yata ta ce: "Baba, bari in kai masa." Na ce a'a, ni aka yi wa, ni zan je. Na same shi a teburinsa, na jira har ya sallami wanda yake gabana, na miƙa masa da hannu biyu, na kira sunansa, na gaya masa cewa ni ma wannan aikin na yi har na tsufa. Sai ya miƙe tsaye. Bai buɗe ambulan ɗin ba, takardar ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji, ya ce da ni yana da wata uku kafin ya ga 'yarsa da aka haifa bayan tasowarsa. Hajiya ta ba shi turmin atamfa irin wadda ya ɗauki hotonta, ta ce ya kai wa maijego, ta kuma sa masa albarka da Hausa, bai bukaci tafinta ba. Sunansa ban sa shi a wannan wasiƙa ba, na rubuta shi inda zai amfane shi, a amsar tambayoyin kamfani, da nasa da na mai gyaran ɗaki da na yarinyar da take kawo mana shayi da asuba. Wanda ƙarfinsa bai kai yuro 50 ba ya ba da 10 ko 20 babu kunya a ciki, amma takardar nan da ambaton suna babu wanda ya rasa halinsu.

Malam Edita, tun da aka sace iyalin nan na Faransa a kusa da Waza a 2013 baƙin waje suka janye daga arewacin Kamaru, kuma in ban da 'yan makonnin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, lokacin da 'yan'uwanmu na Nijeriya suka cika Garwa saboda wasannin filin Rumde Ajiya, otal-otal ɗinmu da mu suka dogara: 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, masu biki da maniyyata masu jiran jirgi. Yaran da suke ɗaukar mana kaya a can 'ya'yan maƙwabtanmu ne, albashinsu kuma mun san shi. Ina roƙon masu otal na Garwa da Marwa da Ngaundere da Kuseri da Njamena, waɗanda na san da yawansu suna karanta wannan jarida, su sa wa kowane ma'aikaci sunansa a ƙirji, su ajiye littafi da biro a kan kanta inda baƙo zai rubuta wanda ya kyautata masa, manaja kuma ya riƙa buɗe littafin nan a ƙarshen kowane wata kafin ya sa hannu a takardar albashi. Abokina ɗan kasuwa zai koma Dubai bayan salla tare da iyalinsa, kuma na riga na saya masa ambulan uku.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon ma'aikacin otal,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.